Ƙugu ko Hannu: Wa Ke Sauko da Sandar Golf?

Daga lokacin da sandar golf ta kai ƙarshen ɗagawa a bayan ɗan wasa zuwa lokacin da kanta ya haɗu da ƙwallo, abin da ke tsakani bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na sakan ba. Kafin ka ce kwabo an gama. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne ake rabuwa tsakanin wanda ƙwallonsa za ta tashi ta miƙe ta sauka a tsakiyar fili, da wanda zai shiga ciyawa yana laluben tasa a gindin bishiya. Shi ya sa malaman wasan suka shafe shekara da shekaru suna ja-in-ja a kan tambaya guda: idan za a sauko da sanda, wace gaɓa ce ke fara motsi?

Amsoshin da suka fi tasiri biyu ne, kowace da mutumin da ta yi suna a bakinsa. Ben Hogan, Ba'amurke ɗan jihar Texas, ya ce ƙugu ne jagora, sauran gaɓoɓi su biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Ernest Jones, Baturen Ingila, ya ce a bar zancen gaɓoɓi, a lilo kan sanda da hannu, jiki zai bi da kansa. Abin mamaki shi ne, kowannensu ya yi magana ne da jikin da ƙaddara ta taɓa. Mai wa'azin ƙugu ƙashin ƙugunsa ya taɓa karyewa gida biyu, mai wa'azin hannu kuwa ƙafa ɗaya gare shi. A duk bayanin da ke tafe, na ɗauka ɗan wasan da hannun dama yake bugu, wato ɓangaren hagunsa ne ke fuskantar inda ƙwallo za ta. Bahago sai ya juya maganar.

A watan Fabrairun 1949 wata babbar motar safa ta yi karo da motar Hogan a kan hanya a Texas. Ya karye a ƙugu, da ƙashin wuya, da idon sawu, da haƙarƙari, har aka yi zaton da ƙyar in zai sake tafiya da ƙafarsa. Wata goma sha shida bayan haka, a 1950, ya lashe gasar US Open a filin Merion, ƙafafunsa naɗe da bandeji. A 1953 ya shiga uku daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya, ya cinye su duka ukun. Saboda haka da ya fitar da littafinsa Five Lessons a 1957, ba wanda ya tsaya tambayar hujja. Wanda ya ci manyan kofuna tara in ya yi magana, kunne ake kasawa.

Koyarwarsa a kan saukowa a fayyace take. Wajen ɗagawa, kafaɗu su juya sosai, ƙugu kuma ya ɗan dage, don a samu ɗamewa tsakanin sama da ƙasan jiki, kamar yadda yaro ke ja robar danƙo kafin ya harbi tsuntsu. Daga nan ƙugu ne zai fara komawa hagu, tare da nauyin jiki. Shi zai jawo kafaɗu, kafaɗu su jawo damatsa, damatsa su jawo tafin hannu, sanda ta zo daga ƙarshe. A wurin Hogan, babban zunubin ɗan koyo shi ne ya fara saukowa da hannu ko da kafaɗa, domin daga nan sanda ta bar hanyarta, ƙarfi kuma ya zube tun kafin a iso wurin ƙwallo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon damben gargajiya ya san gaskiyar da ke cikin wannan. Hannun da aka naɗe da zare shi ke sauka a muƙamuƙin abokin karawa, amma naushin daga ƙafar baya ya taso, ya ratsa kwankwaso, hannu isar da saƙo kawai ya yi.

Jones ya girmi Hogan da shekara ashirin da biyar. Ƙwararren ɗan wasa ne a kulob ɗin Chislehurst da ke kusa da Landan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗebe shi zuwa Faransa, inda ya rasa ƙafarsa ta dama daga ƙasan gwiwa. Bayan ya ɗan murmure, ya koma fili yana dogara sanduna, ya riƙa ajiye su yana bugu a kan ƙafa ɗaya, ya kuma kammala ramuka goma sha takwas da bugu 83. Da yawa daga masu ƙafa biyu sun tsufa ba su taɓa ganin wannan adadi ba. Abin ya sa shi dogon nazari. Idan duk abin da ake koyarwa na dasa ƙafa da karkata gwiwa shi ne ginshiƙin wasan, to shi da me ya buga? Ya ƙare a kan cewa abin da ya rage masa, wato lilon kan sanda da yake ji a hannunsa, shi ne asalin bugun tun farko.

Daga baya ya ƙaura Amurka, ya shafe shekaru yana koyarwa a cikin ɗaki a birnin New York. Kayan aikinsa ƴar wuƙar aljihu ce ɗaure a bakin hankici. Sai ya ba ɗalibi ya ce ya lilo ta. In ɗalibin ya yi lilo na gaskiya, hankicin zai miƙe ya ɗame. In ya fizga ko ya tura, hankicin ya yi laushi, wuƙar ta yi ta kanta. Wanda ya yi gadin gona yana yaro ba ya buƙatar fassara: majajjawa ce. Ba a tura dutsen majajjawa, juya shi ake yi har igiya ta ɗame, sannan a saki. Kuma ba yaron da aka taɓa zaunarwa aka koya masa yadda zai karkata ƙugu kafin ya kori tsuntsaye daga kan gero. Idonsa na kan tsuntsun, jikinsa na yin abin da ya kamata. Wannan ita ce hujjar Jones a littafinsa Swing the Clubhead, kuma ɗalibarsa Virginia Van Wie ta lashe gasar matan Amurka ta waɗanda ba sana'arsu ba ce sau uku a jere, daga 1932 zuwa 1934.

To, wa ya fi gaskiya? A zamaninsu sai dai a yi ta musu, kowa ya kawo zakaransa. Yau akwai na'urorin da ake liƙa wa ɗan wasa a ƙugu da baya da hannu da jikin sanda, kwamfuta ta zana saurin juyawar kowanne. Masana irin su Phil Cheetham, da cibiyar TPI da Greg Rose da Dave Phillips suka kafa a Kalifoniya a 2003, sun auna ɗimbin ƴan wasa ta wannan hanya. Abin da ke fitowa a wurin gwanaye kusan iri ɗaya ne. Ƙugu ne ke fara juyowa, sau da yawa ma tun sanda ba ta gama tafiya baya ba. Shi ke fara kaiwa ƙarshen saurinsa, sai ƙirji, sai hannun hagu, sai sanda, kowanne ya fi na gabansa gudu. Akwai kuma faranti da ake takawa mai auna yadda ƙafa ke danna ƙasa, shi ma ya nuna matsin yana komawa ƙafar hagu da wuri. Jim Furyk, wanda ya buga 58 a zagaye guda a gasar ƙwararru a 2016, yana da wata irin ɗagawa ta daban, sanda ta yi wata kewaya a sama kamar mai korar ƙuda. Amma da zarar ya juyo, gaɓoɓinsa a jere suke zuwa. A nan dai Hogan ya ci shari'a.

Sai dai na'urar ta tona wani abu da yawancin masu karanta Hogan ba su lura da shi ba. Ƙugun gwani ba ya juyawa da gudu ɗaya har ƙarshe. Yana kaiwa ƙololuwar saurinsa sai ya rage, wannan ragewar ce ke miƙa gudun ga ƙirji. Ƙirji ma ya taka birki ya miƙa wa hannu, hannu ya rage ya saki sanda. Haka bulala take: mai ita yana tsayar da hannu ne, sannan bakinta ya yi ƙara. Tun a 1968 Alastair Cochran da John Stobbs suka kwatanta hannu da sanda da lilo biyu da aka haɗa baki, na sama yana raguwa, na ƙasa yana ƙara wuta. Da wannan ne ƙwararru ke kai kan doguwar sanda gudun da ya haura kilomita 180 a awa, alhali ƙugunsu a lokacin ya riga ya sassauta. Binciken Sasho MacKenzie na ƙasar Kanada kuma ya nuna cewa ƙarfin da hannu ke jan sanda da shi a tsawon hanyarsa yana da babban rabo a saurin kan sanda. Ashe hannun ba ɗan rakiya ba ne. Jones ma yana da kaso a cikin hukuncin.

Ni kaina a fili na koyi wannan, da kunya. Wani lokacin hunturu ne, na gama karanta Hogan, na ɗauka na riƙe sirrin. Na je filin atisaye da sassafe, hazo ya rufe bishiyoyin darbejiya da ke gefen dama. Ina kai sanda sama sai in murɗa ƙugu da iya ƙarfina. Ƙwallo ta farko ta tashi kamar za ta miƙe, sai ta yi kwana ta shige darbejiya. Ta biyu ta bi sawunta. Na ƙara murɗawa, ta ƙara karkacewa. Wani dattijo daga cikin masu ɗaukar jaka, wanda ya fi shekara talatin yana kallon kurakuran manya, yana tsugune yana goge sanduna. Da ƙwallo ta goma ta tafi, ya miƙe.

"Yallaɓai, a ba ni sandar."

Ya juya ta, ya riƙe wajen kan, mariƙin yana kallon ƙasa, ya miƙo mini. "A yi lilo da ita haka, a saurara."

Na yi. Sandar ta yi fiuu tun tana daidai kafaɗata ta dama.

"An ji inda ta yi kuka? Can baya. Ƙwallo kuwa tana nan ƙasa. Ina so a sa ta yi kukan a nan." Ya nuna gaban ƙafata ta hagu da yatsan ƙafarsa.

Na gwada sau biyar ko shida kafin ƙarar ta matso gaba. Ban yi tunanin ƙugu ko sau ɗaya ba, kunnena kawai nake bi. Amma da na tsaya, na tarar nauyina duk yana kan ƙafar hagu, dunduniyar dama ta ɗaga, cibiyata tana kallon tuta. Duk abin da littafin ya ce in yi, ga shi jikina ya yi ba tare da na umarce shi ba. Dattijon bai taɓa jin sunan Jones ba, amma darasin Jones ya ba ni, sakamakon kuma na Hogan ne.

Me ya sa umarnin kai tsaye ya ƙi, na kunne ya yi? Dalili na farko lokaci ne. Kafin mutum ya ga abu ya mayar da martani da gaɓa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya wuce, saukowar sanda kuwa gaba ɗayanta kashi ɗaya cikin huɗu ce. Ba zai yiwu ka riƙa kiran gaɓoɓi huɗu ɗaya bayan ɗaya a cikin wannan tazara ba. Masaniyar koyon motsi Gabriele Wulf da abokan aikinta sun gwada haka a 1999 da sababbin ƴan golf: waɗanda aka ce su sa hankali a kan motsin sanda sun fi waɗanda aka ce su sa hankali a kan hannuwansu iya bugu. Jiki ya fi gane a nuna masa aikin da ake so, da a riƙa yi masa lissafin gaɓoɓi.

Dalili na biyu shi ne cuta da magani. Hogan ya sha fama a farkon sana'arsa da ƙwallon da ke lanƙwashewa hagu fiye da kima, har ta kusa raba shi da wasan. Hannuwansa masu sauri ne, suna rufe fuskar sanda da wuri. Don haka ya gina salon da ƙugu zai riƙa tsere wa hannu, ya hana shi rufewa. Yawancin masu wasan ƙarshen mako kuwa cutarsu kishiyar tasa ce, fuskar sandarsu a buɗe take isowa, ƙwallo ta yi dama. Ka ce wa irin wannan ya murɗa ƙugu da sauri, kafaɗunsa za su bi ƙugun a tare, sanda ta faɗo daga waje ta yanki ƙwallo a gicciye. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Abin da ya same ni a gindin darbejiya ke nan.

Kada a ɗauka hanyar Jones ba ta da nata ramin. Kalmar hannu tana da haɗari a kunnen sabon shiga. Jones lilo yake nufi, ɗan koyo kuma duka yake ji. Sai ya saki wuyan hannu tun daga sama kamar mai jefa ƙugiya a kogi, nauyinsa ya maƙale a ƙafar dama, kan sanda ya daki ƙasa taƙi guda kafin ƙwallo, ko ya share ta a ka. Sannan Jones ya riga ya zama gwani tun kafin ya rasa ƙafa. Jikinsa ya san jerin motsin tun yana yaro, shi ya sa ya bi hannu ba gardama. Mutumin da ya fara golf yana da shekara hamsin, bayan ya shafe rabin rayuwarsa tsakanin kujerar ofis da ta mota, nasa jikin ba lallai ya bi ba. Kwankwason da ya sandare ba ya juyawa, sai ya turo gaba wajen ƙwallo, mutum ya miƙe tsaye, hannu ya rasa hanyar wucewa. In tsakiyar baya ba ta murɗuwa, ƙasan baya ne ke biyan bashin, shi ya sa ciwon baya ya zama ruwan dare a tsakanin ƴan golf. Irin wannan mutum, ko shekara zai yi yana lilo da hankici, sai ya gyara jikin tukuna. Ga gwaji mai sauƙi: ka tsaya gaban madubi, ka rungume sanda a ƙirji, ka juya ƙugu dama da hagu ba tare da kafaɗu sun motsa ba. In ka kasa, to jerin da Hogan ke magana a kai bai samu wurin zama a jikinka ba tukuna, kuma aikinka na farko miƙe jijiyoyi ne da motsa kwankwaso.

Sauran manyan malamai da ƴan wasa yawancinsu a tsakiya suka tsaya. Harvey Penick na birnin Austin, wanda ya reni ƙwararrun ƴan wasa Ben Crenshaw da Tom Kite, ya haɗa abu biyu a motsi guda: nauyi ya koma ƙafar hagu a daidai lokacin da gwiwar hannun dama ke saukowa gefen jiki. John Jacobs na Ingila ya riƙa nanata cewa hannuwa su sauko yayin da ƙugu ke buɗewa, kuma tashin ƙwallo shi ne alƙalin da zai gaya maka wanne ya yi latti. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, a zamaninsa yakan bar dunduniyar hagu ta ɗaga wajen ɗagawa, sannan ya dasa ta a ƙasa, daga nan saukowa ta fara. Wannan dasa dunduniya ta fi murɗa ƙugu sauƙin koyo, don kowa ya san taku. Ka haɗa ƙafafunka biyu, ka kai sanda baya, kafin ta gama tafiya ka taka da ƙafar hagu, sannan ka yi lilo. Takun zai sa ƙasa ta riga sama ba sai ka yi tunani ba. Haka mai jifa da dutse yake yi, ƙafa ta taka tun hannu yana baya.

Idan aka ɗora su a sikeli, ni a ganina tambaya biyu daban suka amsa. Hogan ya faɗi abin da jiki ke yi idan bugu ya yi kyau, na'ura kuma ta gaskata shi. Jones ya faɗi abin da ya kamata ya kasance a zuciyar mai bugu a lokacin da yake bugun, binciken koyon motsi kuma ya mara masa baya. Kuskurena shi ne na ɗauki bayanin farko na mayar da shi umarni a kan ƙwallo. Wurin Hogan gaban madubi ne da filin atisaye, a hankali, ba ƙwallo ko da rabin ƙarfi, ana ɗaukar bidiyo da waya ana dubawa, domin abin da mutum ke ji yana yi da abin da yake yi sau da yawa sun yi hannun riga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar wasa, a kan rami na farko, abokai na kallo, tunani ɗaya kaɗai kai ke iya ɗauka, kuma gara ya zama na kan sanda da inda ake so ƙwallo ta sauka.

Wanne za ka fi ba ƙarfi, ƙwallonka ce za ta gaya maka. In tana fita dama a miƙe ko tana yanka dama, hannu ya makara, ka bar ƙugu ya huta ka nemi lilo. In kana dukan ƙasa kafin ƙwallo kana ƙarewa a kan ƙafar baya, ƙasan jikinka ne ke barci, ka koma taku da dunduniya. Ni har yanzu kafin in fara wasa nakan juya sanda in yi lilo sau uku ina saurare. Ranar da kukan ya fito a gaban ƙafar hagu, nakan wuce darbejiyar nan ban ko kalle ta ba. Ranar da ya fito a bayan kafaɗa, nakan ƙara ƙwallo biyu a aljihu.